Kukan farko: yadda hanyar jini ke buɗewa cikin huhun jariri

Makiyayi ba ya bukatar a gaya mashi abin da tunkiya ke yi in ta haihu. Da ɗan ya faɗo ƙasa, sai ta juyo ta kama lasar shi. Daga kai take farawa, wajen hanci da baki. Ɗan ya girgiza kunnuwa, ya yi atishawa, ya ja iska. In uwar ta gaji ba ta juyo ba, makiyayi shi ke share hancin da hannu. Ya goge jikin da busasshiyar ciyawa har ɗan ya motsa. Ya san in aka bar shi jiƙe cikin iskar hunturu, da wuya ya kai safe.

Abin da makiyayi ke gani a waje kaɗan ne. Babban aikin cikin ƙirji yake faruwa, inda ido ba ya kaiwa. Kuma aikin guda ne, ko ga ɗan tunkiya, ko ga maraƙi, ko ga ɗan Adam. Abu mai yawa da likitoci suka sani yau game da numfashin farko na jariri, wajen ƴaƴan tumaki suka koyo shi. Wannan ba ba'a ba ce.

Jama'a, ga yadda abin yake.

Ɗa cikin ciki ba ya shaƙar iska. Huhunshi cike yake da ruwa, ruwan da huhun da kanshi ke yi. Amma jiki ba ya rayuwa sai da wani sashe na iska da ake ce ma oksijin. Shi ne abin da wuta ke ci in ana hura ta. In aka kife tukunya bisa garwashi ya mutu, oksijin ne ya ƙare mashi. Ɗa yana samun nashi daga jinin uwa. Uwa ta shaƙa, mabiyiya ta karɓa, igiyar cibiya ta kai mashi. Mabiyiya ita ce huhun ɗa har ranar haihuwa.

To, tunda huhu bai fara aiki ba, ba a kai mashi jini mai yawa. Duk mai garka ya san wannan dabara. Fangalin da ba a shuka komi ciki ba, ba a ɓata mashi ruwa. Ana toshe bakinshi da laka, ruwa ya wuce zuwa inda albasa take. Haka jikin ɗa ke yi. Cikin jinin da zuciyarshi ke turawa, kashi 1 ko 2 cikin 10 kaɗai ke bi ta huhu. Sauran yana bin yanke. Yanken biyu ne. Na farko wata ƙaramar ƙofa ce cikin zuciya, tsakanin ɗakin dama da na hagu. Na biyu wani gajeren bututu ne da ya haɗa jijiyar da ta nufi huhu da babbar jijiyar da ke kai jini ga sauran jiki. Jini ya zo bakin huhu ya iske hanya a matse, sai ya bi ta bututun ya wuce.

Mai garka da laka yake toshewa. Jiki da me yake toshewa?

Kowace ƙaramar jijiyar jini cikin huhu tana da tsoka da ta kewaye ta, kamar zariya a bakin wando. In tsokar ta ja, jijiya ta tsuke. In ta saki, jijiya ta buɗe. Tsokar nan ba ta jin umurnin mutum kamar tsokar hannu. Abin da take ji shi ne wasu sinadarai, wato wasu abubuwa ƙanana ƙwarai da jiki ke haɗawa da kanshi. Wasu cikin jini suke. Wasu kuma wani siririn tantani ne ke yin su, tantanin da ya shimfiɗe cikin kowace jijiya. Sinadaran nan ƙungiya biyu ne: masu ɗaurewa da masu sassautawa. Kullum suna ja-in-ja. Muddin ɗa yana ciki, masu ɗaurewa ke da rinjaye.

Babba cikin masu ɗaurewa shi ne ƙarancin oksijin da kanshi. A nan akwai abin mamaki. A ƙafa ko a hannu, in oksijin ya yi kaɗan, jijiyoyi buɗewa suke yi don jini ya ƙaru. A huhu kuwa tsukewa suke yi. Wasu masana biyu na ƙasar Suwidin, von Euler da Liljestrand, su suka nuna haka a jikin kyanwa a shekarar 1946. Kuma akwai hikima cikin wannan hali. In wani lungu na huhun babban mutum ya toshe da majina, jijiyoyin wurin sukan tsuke, jini ya koma inda iska ke shiga. Ba a ɗebo ruwa a rijiyar da ta ƙafe. Amma ga ɗa cikin ciki, huhun duka ne ba iska, saboda haka duka yake a tsuke.

Makiyaya na jihar Kolorado a Amurka sun san wannan hali tun kafin a gane dalilinshi. In suka kai shanu kiwo bisa manyan duwatsu inda iska ba ta da oksijin sosai, jijiyoyin huhun wasu shanun sukan tsuke. Zuciya ta yi ta turi har ta gaji, ƙirjin sa ya kumbura da ruwa. An rubuta labarin wannan ciwo tun 1915. In aka sauko da dabbar ƙasa da wuri, sau da yawa takan samu sauƙi.

Akwai wani mai ɗaurewa kuma, sunanshi andotelin. Tantanin cikin jijiya ke yin shi. Masana na ƙasar Japan suka gano shi a 1988, kuma yana cikin masu ɗaure jijiya mafiya ƙarfi da aka sani a jiki.

Haka ake zaune wata 9 ga mace, wata 5 ga tunkiya. Sai ranar haihuwa.

Naƙuda ba wahala ce kawai ba, shiri ce. Lokacin da take gudana, jikin ɗa yana sakin sinadaran da ke gaya ma huhu ya daina yin ruwa, ya fara tsotse wanda ke ciki. Da ɗa ya fito, ya ji iskar duniya a fatarshi, aka taɓa shi, aka goge shi, sai ya ja numfashi da ƙarfi. Iska ta kora ruwan da ya rage zuwa cikin naman huhu, inda jini zai kwashe shi sannu a hankali. Sai kuka. Kukan nan yana da amfani babba. In jariri yana kuka, yana fitar da iska ne ta maƙogwaro a matse, kuma wannan yana hana huhu sake rufewa.

A daidai nan rinjaye ke komawa hannun masu sassautawa. Buɗewar huhu da iska, ita kaɗai tana sa jijiyoyi su saki. Oksijin da ya shigo ya ƙara musu. Daga nan jini ya fara gudu, kuma gudun jinin yana gogar tantanin cikin jijiya. Gogar nan tana sa tantanin ya ƙara sakin masu sassautawa. Kamar ruwan da ya samu ƴar kafa a jikin laka ne: yana wucewa yana faɗaɗa ta. Cikin ƴan mintoci, jinin da ke bi ta huhu ya ninka sau 8 zuwa 10. Babu wata rana cikin rayuwar mutum da hanyar jininshi za ta sake canzawa haka.

Masu sassautawa manya guda biyu ne.

Ɗaya sunanshi furostasikilin. An gano shi a Ingila a 1976, a wurin binciken wani masani mai suna John Vane.

Na biyu shi ya fi ba masana mamaki, domin iska ce. Sunanta naitirik okisaid. An haɗa ta da oksijin da azot, azot ɗin nan da manomi ya sani cikin takin zamani. Amma jiki ba daga taki yake samun ta ba. Tantanin jijiya ke ƙera ta daga abincin da aka ci. Kafin a gane haka, an fi sanin ta ne cikin hayaƙin mota, ana ɗaukar ta ƙazanta. A 1980 wani Ba'amurke, Robert Furchgott, ya lura da wani abu a jijiyar zomo. In aka kankare tantanin ciki, jijiyar ba ta sassautawa ko an zuba mata maganin da ya kamata ya sassauta ta. In tantanin na nan, tana sassautawa. Ya ce lalle tantanin yana aika wani saƙo ga tsoka. Sai a 1987 aka tabbatar saƙon wannan iska ce. A 1998 aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel saboda wannan aiki. Iskar ba ta daɗewa. Cikin ƴan daƙiƙoƙi ta isar da saƙonta ta ɓace. Don haka dole tantanin ya yi ta yin sabuwa ba tsayawa.

Yanzu a koma ga tumaki, domin su suka biya kuɗin wannan ilimi. Ba a iya buɗe cikin mace don a ga abin da ke faruwa a huhun ɗanta. Amma ɗan tunkiya girmanshi ya yi kusa da na jariri, zuciyarshi da huhunshi ma haka. A garin Oksfod na Ingila, wani likita mai suna Geoffrey Dawes da abokan aikinshi suka ciro ɗan tunkiya daga ciki ba su yanke cibiya ba. Suka hura mashi iska cikin huhu, suna auna jinin da ke wucewa. A 1953 suka bayyana abin da suka gani: da iska ta shiga, jini ya kwararo. Daga baya aka gwada da iskar da ba ta ƙara oksijin cikin jini. Jijiyoyi suka buɗe duk da haka, da aka ƙara oksijin suka ƙara buɗewa. Wani likita haifaffen Afirka ta Kudu, Abraham Rudolph, ya ci gaba da aikin a Amurka shekaru masu yawa. A 1990 kuma, a garin Denba na Kolorado, Steven Abman da abokanshi suka ba ɗan tunkiya maganin da ke hana jiki yin naitirik okisaid. Da lokacin numfashi ya zo, jijiyoyin huhu ba su buɗe yadda ya kamata ba. Nan aka tabbatar wannan iska tana cikin masu riƙe da mabuɗi.

Mai raina tunkiya ya kamata ya ji wannan labari.

In hanyar huhu ta buɗe, yanken nan biyu ba su da sauran amfani. Jinin da ke dawowa daga huhu ya cika ɗakin hagu na zuciya, ya tura ƙaramar ƙofar ta rufe, kamar yadda iska ke tura ƙyaure. Gajeren bututun kuwa labarinshi dabam ne. Oksijin da ke buɗe jijiyoyin huhu, shi ne kuma ke sa bututun ya tsuke. Abu guda, aiki biyu: ya buɗe nan, ya rufe can. Ban da haka, muddin ɗa na ciki, wani sinadari mai suna furostagilandin ne ke riƙe bututun a buɗe, kuma mabiyiya ke yin mai yawa daga cikinshi. Da aka rabu da mabiyiya, sai ya ragu. Ga jaririn da ya cika watanninshi, bututun yakan tsuke cikin kwana 1 zuwa 3.

A nan akwai maganar da ta shafi kowace mai ciki. Wasu ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a kasuwa da bakin tasha aikinsu shi ne hana jiki yin furostagilandin. Daga cikinsu akwai ibufurofen, da dikilofenak, da asfirin in an sha mai yawa. Mace mai tsohon ciki tana fama da ciwon baya, ga daka, ga ɗaukar ruwa. Ta aiki yaro ya sayo mata ƙwaya. Ciwon ya lafa, gobe ta ƙara. Ba ta san ƙwayar tana ratsa mabiyiya ba. In ta yawaita sha cikin watanni 3 na ƙarshe, bututun ɗa yana iya tsukewa tun yana ciki. Jini ya rasa yanke, ya yi ta dannar jijiyoyin huhu, tsokarsu ta yi kauri. Ranar haihuwa su ƙi sakewa. Mai tallar magani bai san wannan ba, kuma ba zai tambayi watan ciki ba. Mai ciki in tana jin ciwo, ta faɗa a wurin awo. A can za a ba ta abin da ya dace. In kuma likita da kanshi ya rubuta mata asfirin ƴar kaɗan saboda hawan jini, wannan dabam ne, ta bi maganarshi.

Igiyar cibiya ma tana da nata lokaci. Kafin huhu ya buɗe, jinin da ke cika ɓangaren hagu na zuciya daga mabiyiya yake zuwa. In aka ɗaure cibiya tun ɗa bai yi numfashi ba, an toshe tsohuwar hanya alhali sabuwa ba ta buɗe ba. A 2013, a garin Melbon na Ostireliya, Stuart Hooper da abokan aikinshi suka nuna haka, a jikin ƴaƴan tumaki kuma. Waɗanda aka fara ba iska kafin a ɗaure cibiya, zuciyarsu ta ci gaba da aiki daidai. Waɗanda aka fara ɗaure ma cibiya, bugun zuciyarsu ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara a dakata minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure cibiyar jaririn da ke numfashi. Wannan dakatawa tana kuma ƙara mashi jini.

Yanzu ga wurin da ya fi muhimmanci. Ƙofar da ta buɗe ranar haihuwa ba a kafe take da ƙusa ba. Tsokar jijiyoyin huhun jariri tana nan da kaurinta. Sai a hankali take sirancewa, cikin sati 2 zuwa 6. Yanken nan biyu ma ba su gama toshewa ba. A kwanakin farko, in masu ɗaurewa suka sake samun ƙarfi, jijiyoyin huhu suna iya tsukewa kuma. Jini ya koma bin tsohon yanke kamar ɗa yana ciki. Amma yanzu babu mabiyiya. Jariri yana jan iska, iska tana shiga huhu, jini kuwa ba ya zuwa ɗaukarta. Kamar kasuwa ce ta cika da hatsi, amma an datse hanyar masu saye.

Mugun abin shi ne ciwon yana ciyar da kanshi. Oksijin ya ragu, jijiyoyi su ƙara tsukewa. Sun ƙara tsukewa, oksijin ya ƙara raguwa. Jikin da ya rasa oksijin kuma jininshi yana yin tsami, kuma tsamin jini shi ma mai ɗaurewa ne. A 1966 Rudolph ya gwada wannan a jikin sababbin maruƙa. Ƙarancin oksijin kaɗai ya tsuke jijiyoyi. Da aka haɗa shi da tsamin jini, tsukewar ta yi tsanani ƙwarai. A Amurka an ƙidaya cewa wajen jarirai 2 cikin 1000 ke kamuwa da wannan ciwo.

Me ke jawo shi? Doguwar naƙuda, inda ɗa ya wahala ya rasa oksijin tun kafin ya fito. Ɗan da ya yi kashinshi na farko cikin ciki ya shaƙe shi. Ana gane wannan in faya ta fashe ruwan ya fito kore ko baƙi-baƙi. Ƙwayoyin cuta da suka shiga jini ko huhu, musamman in faya ta fashe aka daɗe ba a haihu ba. Wani lokaci kuma halitta ce, huhun bai gama girma ba, ba laifin kowa. Sai kuma abu guda da ke ƙara ma kowane daga cikinsu ƙarfi, wanda yake hannun mutanen gida: sanyi.

Jariri yana fitowa ne jiƙe daga wuri mai ɗumi. Ba ya iya rawar ɗari kamar babba. Abin da yake yi shi ne ƙona wani kitse na musamman da ke bayanshi da wuyanshi. Ƙona kitse kuwa oksijin yake ci. Jaririn da ya ji sanyi yana kashe oksijin ɗinshi wajen neman ɗumi, a daidai lokacin da huhu ke bukatar shi don ya zauna a buɗe. Ba sai cikin hunturu ba. Ko cikin bazara, jiƙaƙƙen jariri da aka ajiye bisa tabarma ana jiran mabiyiya ta faɗo yana yin sanyi. Dubi tulu: jiƙewar bayanshi ce ke sanyaya ruwan ciki, ko da rana ta take.

Tsofaffi suna da ilimi mai yawa game da haihuwa, kuma ba a raina shi. Amma wankan jariri nan take, da sabulu da ruwa har sau biyu ko uku don kada ya yi wari in ya girma, wannan al'ada ba ta da amfani gare shi. Farin maiƙon da ke jikinshi ba ƙazanta ba ne, kariya ce ga fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wanka har awa 24, in ba hali to aƙalla awa 6. Abin da ake so shi ne abin da tunkiya ke yi. A goge shi nan da nan da busasshen zane mai tsabta. A jefar da jiƙaƙƙen zanen. A kwantar da shi bisa ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe su tare, a sa mashi hula. A ba shi nono cikin awa ta farko, har da dakashi. Ɗakin jego ya yi ɗumi, amma ba da hayaƙi ba. Hayaƙin itace da garwashi cikin rufaffen ɗaki yana cutar sabon huhu.

Wajen jariri 1 cikin 10 ba ya fara numfashi da kanshi sai an taimaka mashi. Ga mafi yawansu, gogewa da shafar baya da ɗan ƙarfi sun isa. Riƙe shi ta ƙafa a juya kanshi ƙasa, ko marin shi, ko watsa mashi ruwan sanyi, ko buga kwano kusa da kunnenshi, duk ɓata lokaci ne, wasu ma cutarwa ne. In an goge shi bai yi numfashi ba, abu guda yake bukata: iska ta shiga huhu, cikin minti na farko. Ungozomar gidan likita tana da wata ƴar roba mai kamar balan-balan, da marfi da ake ɗorawa bisa hanci da baki. Tana matsawa da hannu, ƙirjin jariri na tashi. Ba ta bukatar lantarki. Ga ɗan da ya cika watanni, iskar ɗaki ma ta isa a fara da ita. Abin da Dawes ya yi ma ɗan tunkiya ke nan a 1953. Wannan roba kaɗai ta isa dalilin da zai sa maigida ya tanadi amalanke ko kuɗin kabu-kabu tun ciki yana wata 7, don a haihu a gidan likita. Ba a san wanda zai zama na goman ba sai ya fito.

A manyan asibitocin ƙasashe masu hali, jaririn da jijiyoyin huhunshi suka ƙi buɗewa ana shaƙa mashi naitirik okisaid daga tulun ƙarfe. Kaɗan ƙwarai ake sawa, wajen kashi 20 cikin miliyan na iskar da yake shaƙa. An fara gwada haka ga jarirai a Amurka a 1992, hukuma ta amince da shi a 1999. Kyawun maganin shi ne a huhu kaɗai yake aiki. Da ya shiga jini sai jini ya kama shi, bai kai ga sauran jiki ba. Amma yana da tsada, kuma yana bukatar na'urori. Inda babu shi, likitoci sukan yi amfani da oksijin, da ɗumi, da maganin ƙwayoyin cuta, da wani magani mai suna sildenafil, wanda aka fi sani da sunan Viagra. Shi aikinshi hana saƙon naitirik okisaid gogewa da wuri cikin tsoka. Likita kaɗai ke auna shi bisa nauyin jariri. Wanda ya ba jariri shi a gida yana iya kashe shi.

Saura yadda za a gane jaririn da ke cikin wahala. Kowane jariri yana fitowa da ɗan duhun launi, kuma yakan ɗauki wajen minti 10 kafin jininshi ya cika da oksijin. Tafin hannu da na ƙafa suna iya zama shuɗi-shuɗi a ranar farko, wannan ba komi. Ga mai baƙar fata, ba a fata ake dubawa ba. A buɗe baki a dubi harshe da dasashi da cikin leɓe. In ja ne, madalla. In shuɗi ne ko toka-toka, akwai haɗari. A kuma ƙidaya numfashi lokacin da yake kwance shiru, minti guda cur, da agogo ko da waya. In ya kai 60 ko ya wuce, a sake ƙidayawa. In har yanzu haka ne, ya yi yawa. Haka in ƙasan haƙarƙarinshi yana faɗawa ciki sosai in ya ja iska, ko yana nishi duk fitar numfashi, ko ya kasa kama nono, ko jikinshi ya yi sanyi ko zafi.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jiran safiya, ba a jiran suna. Ba a ɗura mashi ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. A tafi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura zuwa babban asibiti inda akwai oksijin. A hanya kada a naɗe shi shi kaɗai a riƙe a hannu, iska tana bugun shi. A sa shi tsirara bisa ƙirjin uwa, daga shi sai hula da ɗan ƙyalle, kanshi a juye gefe don hanci ya samu iska, a ɗaure da zane, a rufa da bargo. In uwar ba ta iya tafiya, kaka ko gwaggo ko uban da kanshi ya ɗauke shi haka a ƙirjinshi.